Doguwar Bindiga Da Gajera: Wacce Ta Fi Saiti?

Jama'a masu bibiyar wannan labari namu, yau zan roƙi arziki ku yi mani uzuri mu ɗan jingine babi na gaba, mu yi wata magana da ta taso daga babin da ya wuce. Tun ranar da tsohon sojan nan na cikin labarin ya ajiye doguwar bindiga ya ɗauki gajera, ya kuma samu abin da ya auna daga nisan mita 200, saƙonni ba su daina shigo mani ba. Wani ya ce na raina wa masu karatu hankali. Wata baiwar Allah ta ce ita mahaifinta maharbi ne, kuma tun tana ƙarama ta san cewa tsawon bindiga shi ne saitinta. Wani kuwa cewa ya yi kallon fim ɗin Indiya ne ya yi mani yawa. Duk na gode, kuma ban ji haushin kowa ba. Sai dai kafin in rubuta wancan babi na kwashe kusan wata biyu ina bin diddigin wannan al'amari, don haka bari in zube muku abin da na samo, kowa ya auna da hankalinsa.

Abin da yawancinmu muka ɗauka shi ne, bututun bindiga kamar rula yake, yana miƙe wa harsashi hanya, iya tsawonsa iya miƙewar harbin. Hankali yana karɓar wannan da sauri, shi ya sa ya zauna a zukata. Amma aikin bututu iri biyu ne, kuma babu miƙe hanya irin ta rula a cikinsu. Na farko, shi ne ɗakin da albarushi ke ƙonewa ya zama iska mai tsananin matsi, iskar ta ingiza harsashi gaba. Muddin harsashin yana cikin bututu ingizawar tana aiki, da zarar ya fita shi ke nan, iskar ta watse. Na biyu, a cikin bututun bindigar soja akwai wasu zane-zane da aka sassaƙa a murɗe, kamar murɗin igiya. Harsashi na shiga sai zanen ya kama jikinsa ya tilasta masa juyawa. Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san sirrin: idan tana juyawa da ƙarfi sai ta tsaya cak a kan tsininta, juyin na raguwa sai ta fara layi kamar mashayi. Haka harsashi yake, juyin nan ne ke sa ya tafi da tsininsa a gaba bai wuntsila ba.

To, nawa ne tsawon da ake bukata kafin harsashi ya samu wannan juyi? Abin mamaki, kaɗan ne. Ɗauki bindigar Amurka M16A2. Murɗin cikinta yana kammala zagaye ɗaya a duk inci 7, bututun kuma inci 20 ne. Wato harsashin ko zagaye uku bai cika ba yake fita, amma saboda tsananin gudunsa yana fitowa ne yana juyawa fiye da sau 5,000 a daƙiƙa ɗaya. Ƙanwarta M4 mai bututu inci 14 da rabi, zagaye biyu kacal harsashi ke yi a cikinta, kuma ya wadatar. Ashe ba yawan zagayen ciki ba ne abin lura, tsananin murɗin da gudun fita su ne.

Yanzu ga inda maganar ta fara juya wa masu gardama baya. Bututun bindiga ƙarfe ne, amma a lokacin harbi rawa yake yi. Ido ba ya gani, domin duk abin bai wuce kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma yana lanƙwasa yana karkarwa kamar bulala. Samo gwangwala doguwa ka riƙe gindinta ka girgiza, ka ga yadda kanta ke lilo. Sare ta biyu ka sake girgizawa, za ka ji ta yi tauri a hannunka. Masana ƙarfe sun ce idan kauri ɗaya ne, sandar da aka rage wa rabin tsawo, lanƙwasar da nauyi ɗaya zai yi mata a kai kashi ɗaya cikin takwas ne na wadda zai yi wa doguwar. Don haka gajeren bututu ya fi dogo tauri, kansa kuma bai cika yawo ba a daidai lokacin da harsashi ke fita. Wannan ne ya sa Turawan da ke gasar harbi daga kan benci, waɗanda burinsu su zuba harsashi biyar a rami kusan ɗaya, ba su damu da dogon bututu ba. Nasu kakkaura ne, tsawonsa matsakaici. Da tsawo ne sirrin, da mun gan su da bindigogi kamar gorar tura kwalekwale.

Saboda haka idan aka ɗaure bindiga biyu a jikin ƙarfe, aka cire hannun ɗan Adam daga maganar, aka harba su a nisa matsakaici, babu dalilin da zai sa gajerar ta fi watsa harsasai. Wani lokaci ma ita ke fin haɗa su wuri guda. Amma fa haɗa harsasai wuri guda daban, samun abin da ka auna a fili, cikin iska da ƙura da bugun zuciya, shi ma daban. A nan ne 'yar maharbin nan take da tata gaskiyar, kuma ba ƙarama ba ce.

Abin da gajeren bututu ke asara shi ne gudu. Tunda harsashi ya fita da wuri, bai gama cin moriyar ingizawar ba. Harsashi iri ɗaya, M16A2 tana fitar da shi da gudun kusan mita 950 a daƙiƙa, M4 kuwa wajen mita 880 zuwa 900. Rashawa sun fi yin tsauri a tasu. AK-74, ƙanwar AK-47 ɗin nan da sunanta ya ishe mu a labarai, bututunta milimita 415 ne, gudun harsashinta wajen mita 900. A 1979 suka fitar da AKS-74U domin direbobin tankoki da ma'aikatan igwa da makamantansu, suka raba bututun kusan biyu, ya koma milimita 206 da ɗoriya. Gudu ya faɗo zuwa mita 735. Har sai da suka ƙara tsananta murɗin cikinta domin harsashin ya samu isasshen juyi duk da raguwar gudun.

Mai karatu zai ce, to, mita 735 a daƙiƙa ai ba wasa ba ne, me ya rage? Abin da ya rage shi ne lokaci. Tun daga sa'ad da harsashi ya bar bakin bindiga ƙasa take jan sa, kamar yadda take jan mangwaron da ya tsinke. Kuma faɗuwar ba a hankali take ƙaruwa ba. Abin da aka saki, a rubu'in daƙiƙa yakan faɗi kamar santimita 30, a rabin daƙiƙa fiye da mita ɗaya, a cikakkiyar daƙiƙa kusan mita biyar. Duk harsashin da ya daɗe a hanya, faɗuwarsa ta fi yawa, iska mai kaɗawa daga gefe kuma ta fi samun damar ture shi. A mita 100 bambancin faɗuwa tsakanin waɗannan bindigogin Rasha biyu bai wuce faɗin yatsu biyu zuwa uku ba, kuma gyaran saiti yana shafe shi. Amma a mita 400 ko 500 zance ya canja. A can, idan maharbi ya yi kuskuren ƙiyasta nisa da 'yan mitoci, mai gajerar bindiga ya fi shan wahalar kuskuren, domin harsashinsa a lokacin gangarowa yake yi kamar jifa. Idan kuma aka ci gaba da nisa, akwai inda gudun harsashi ke saukowa kusa da gudun sauti, wato wajen mita 340 a daƙiƙa, a nan wasu harsasan kan fara tangaɗi. Mai gajeren bututu yana riga isa wannan wuri.

Sojojin Amurka da kansu sun rubuta wannan a littattafansu na horo: M16A2 an ba ta mita 550 a matsayin nisan da za a iya samun mutum guda da ita, M4 kuma mita 500. Dubi fa, an cire inci biyar da rabi, fiye da rubu'in bututun, amma abin da aka rasa mita 50 ne. Da suka shiga Iraƙi a 2003, inda yaƙin ya kasance cikin lunguna da ɗakuna da shiga mota da fita, gajerar ce kowa ke so. A Afganistan kuwa, inda ake harbo su daga wancan dutse zuwa wannan, ƙorafi ya yi yawa cewa harsasansu ba sa kai wa yadda ya kamata. Maganin da suka yi ba wai komawa ga dogon bututu kawai ba ne, sai suka raba wa wasu zaɓaɓɓun maharba a cikin kowace ƙaramar runduna bindigogi masu babban harsashi. Ingila ma haka ta yi a 2010 da wata bindiga mai suna L129A1. Duk da wannan, a 2015 sojojin kundumbalar ruwa na Amurka, waɗanda suka fi kowa taƙama da harbin nesa, suka amince dakarunsu na ƙasa su bar M16 su koma M4.

Akwai ma inda tsawo ke zama hasara. Ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, wanda Turawa ke harbin zomo da shi, albarushinsa kaɗan ne, yakan gama ingizawarsa a wajen inci 16 zuwa 18. Abin da ya wuce nan na bututu gogayya kawai yake ƙara masa.

Mu dawo kan ɗan Adam, domin a ganina shi ne rabin maganar, ko ma fiye. Bindigar da ba ta da madubin hangen nesa, da ƙarafa biyu ake saita ta, ɗaya a baya kusa da ido, ɗaya a gaba kusa da baki. Maharbi yana jera su ne da abin da yake son samu. Iya nisan da ke tsakanin ƙarafan nan biyu, iya rangwamen da suke yi wa kuskuren ido. Na zauna da biro da takarda na yi lissafin da kaina, ku ma kuna iya yi. A AK-47 tazarar tasu milimita 378 ce. Idan ido ya kauce da milimita ɗaya tak, wato kaurin farce, a mita 100 harsashi zai kauce da kamar santimita 26. A AKS-74U tazarar milimita 235 ce, wannan kuskuren dai na milimita ɗaya zai zama santimita 43, kusan faɗin ƙirjin mutum. Ba bututun ne ya watsar ba, ido ne aka rage wa mataimaki. Shi ya sa za ka ga wasu masu gasar harbi ta duniya sun ɗaura wani holoƙon bututu a gaban bindigarsu, harsashi ko taɓa shi ba ya yi, amfaninsa kawai ya matsar da ƙarfen saiti na gaba can nesa. Da zarar kuwa an ɗora madubi a kan bindiga, wannan matsala ta kau gaba ɗaya, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa sojojin zamanin nan suka yarda da gajerun bindigogi. Wanda ya koma ya duba babin da ake gardama a kai zai ga akwai madubi a kan bindigar tsohon sojan.

Sai kuma ƙara da wuta da naushi. Gajeren bututu yana sakin iskar tun matsinta yana da ƙarfi, don haka ƙararsa ta fi tsanani, da dare kuma wutar da ke fita bakinsa tana iya dushe wa maharbi gani, ta kuma tona inda yake. Ga shi an rage wa bindigar nauyi, saboda haka ta fi dukan kafaɗa. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi aikin soja shekaru masu yawa, har ya koyar da kurata harbi kafin ya yi ritaya. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar na kawo masa wannan tambaya.

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai ma marubutan nan kun fara shiga aikinmu ke nan?"

Na ce, "Baba, so nake in rubuta abin da idan ka karanta ba za ka yi tsaki ba."

Ya ce, "To rubuta wannan. Ni ban taɓa ganin kurtun da tsawon bindiga ya hana shi ci ba. Tsoron ƙararta ke kayar da su. Yaro ya san za ta yi tsawa ta doke shi, sai ya runtse ido ya tura kafaɗa tun kafin ta tashi. Ka tambaye shi ya rantse maka bai motsa ba."

Na ce, "To yaya kuke gane wa, Baba?"

Ya ce sukan karɓi bindigar su juya baya, su saka mata harsashin da ba ya tashi ba tare da yaron ya sani ba, su miƙa masa. Yana jan kunama sai ka ji ƙyas, babu harbi, amma bakin bindigar ya dunguri ƙasa. A nan yaro zai ga da idonsa cewa shi ne ke jefar da harsashinsa. Ya ƙara da cewa duk bindigar da ta fi ƙara da naushi ta fi saurin koya wa mutum wannan mugun hali, kuma fitar da shi daga jiki ya fi shigarsa wuya.

Wannan gardama tamu fa ba yau aka fara ta ba, Turawan Ingila sun yi ta fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma da zafi. A zamanin da, bindigogi dogaye ne saboda dalilai da dama: baƙin albarushi irin na bindigar toka, da jera sojoji sahu-sahu inda na baya ke harbi ta saman kafaɗar na gaba, da kuma bukatar bindiga ta zama mashi idan an ɗaura mata wuƙa a baki. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, amma al'adar tsawo ba ta tafi nan da nan ba. Sojan ƙasa na Ingila yana ɗauke da Lee-Enfield mai bututu inci 30, na doki kuma yana da wata gajera. Da aka gwabza yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sai suka ga rabon nan bai yi ba, suka yanke shawarar ƙera guda ɗaya matsakaiciya domin kowa. Ita ce SMLE, mai bututu inci 25, wadda ta shiga hannun sojoji a 1904. Harafin farko na sunan nata ma gajera yake nufi.

Wayyo, ina wuta a jefa ta! Ƙungiyoyin masu gasar harbi da maƙeran bindiga da marubutan jaridu suka yi mata ca. Suka ce ta yi wa sojan doki tsawo, ta yi wa na ƙasa gajarta, ba za ta yi saiti ba. Sai ga yaƙin duniya na farko a 1914, sojan Ingila da aka horar ya saki harsashi 15 masu saiti a minti ɗaya ya nuna abin da bindigar za ta iya. Ta yi wannan yaƙin, ta yi na biyu, ta zama ɗaya daga cikin bindigogin da suka fi suna a tarihi. Amurka ma a 1903 ta bar inci 30 ta koma 24, Jamus kuma a 1935 ta rage Mauser ɗinta daga milimita 740 zuwa 600. Dangin Lee-Enfield ɗin nan ne kakanninmu suka rataya a dazukan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, lokacin da suka fuskanci Japanawa. Wanda ya taso ya tarar da tsoffin 'yan Bama a garinsu ya san irin labaran da suke bayarwa na ruwan sama da ƙungurmin daji.

To amma kada wani ya ce na zaɓo labarin da ya goyi bayana kawai. Ga wani da ya fi rikitarwa. Irin wannan yaƙin daji na cikin abin da ya sa Ingila ta ga bukatar wadda ta fi gajarta da rashin nauyi, sai a 1944 ta fitar da Lee-Enfield mai lamba 5, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da bindigar daji. Bututunta bai kai inci 19 ba, an kuma rage mata kusan kilo guda. Harsashin kuwa shi ne dai babban nan na .303, don haka sai da aka sa mata wani mazurari a baki domin rage walƙiya, da roba a gindi domin kafaɗa. Sojoji sun so ta saboda sauƙin ɗauka. Amma sai aka fara kuka da ita cewa saitinta yawo yake yi: ka daidaita ta yau, gobe ka tarar harsashi na sauka wani wuri. A 1947 aka daina ƙera ta, bayan an yi kimanin guda 250,000, ko da yake an ci gaba da aiki da ita a yaƙin sunƙurun Malaya. Wanda ya ji wannan zai ce, ka ga ni, gajarta ce ta jawo. Sai dai bayanin da aka fi bayarwa shi ne, wajen neman rage nauyi an rarake ƙarfe daga jikin uwar bindigar da gindin bututun, har ta rasa taurinta. Wasu masu tara tsoffin bindigogi a yau ma cewa suke yi sun harba tasu shekara da shekaru ba su ga wani yawo ba, suna zargin hukuma ta nemi dalilin yar da ita ne domin hankalinta ya koma kan bindigogi masu sarrafa kansu. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne, ba a taɓa rage tsawo shi kaɗai. Ana taɓa shi sai nauyi ya motsa, ƙara ta motsa, saiti ya motsa, kuma sai a ɗora wa tsawon laifin duka.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan bindigar da masana'anta ta ƙera gajera ne, injiniyoyi suka auna komai suka gwada. Bindigar da wani ya sa wa zarto a bayan ɗaki kuwa wata halitta ce daban, kuma ina jin ita ce mafi yawan masu yi mani gardama ke tunawa. Bakin bututu, daidai inda harsashi ke yin sallama da shi, wuri ne mai matuƙar laushin hali. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya ko da da ƙanƙanin abu ne, iskar da ke biye da harsashi za ta riga kuɓucewa ta wannan gefen ta buge gindinsa, ya fita a karkace. Sannan ƙarfen saiti na gaba ya tafi tare da guntun da aka yar. A lokacin yaƙin basasar Rasha bayan juyin 1917, 'yan tawaye da 'yan fashi sun riƙa datse bindigar Mosin har ta koma kamar ƙatuwar fistol, suna kiran ta obrez, wato yankakkiya. Ba don saiti suke yi ba, don ta ɓuya a cikin riga ne. Amfaninta bai wuce tsawon ɗaki ba.

Dokokin ƙasashe ma ɓuyan suke tsoro. Amurka ta yi dokarta a 1934, bayan zamanin su Al Capone, ta sa rajista da harajin dala 200 a kan gajerun bindigogi, kuɗin da a lokacin ya fi farashin bindigar kanta nesa ba kusa ba. Dokar Ingila ta 1968 ta mai da gajarta bututun bindigar harbin tsuntsu ƙasa da inci 24 laifi. Tamu dokar makamai ta 1959 ta hana rage bututun bindiga mai santsin ciki ƙasa da inci 20, ta kuma hana mallakar wadda aka yi wa haka.

Wannan mai santsin cikin ita ce ta kawo mu gida, kuma ita ce ta raba gardamata da 'yar maharbi. Bindigar mahaifinta, in dai irin ta maharbanmu ce, ba ta da murɗin nan a ciki, ba ta juya harsashi. Baƙin albarushi ake ɗura mata, babu madubi, sau da yawa ma babu ƙarfen saiti na baya, tsawon bututun ne kansa ido ke bi ya auna. A irin wannan bindiga tsawo yana da daraja ƙwarai, mahaifinta bai yi ƙarya ba. Ita kuma ta harbin tsuntsu, mai baki ɗaya ko biyu, yawanci ana ɗan tsuke bututunta a can ƙarshe domin ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule. Wanda ya yanke ta ya yar da tsukewar, ƙwayoyin sai su bazu da wuri.

Na ga ƙarshen irin wannan a ƙauyen kakannina. Shekarun baya da satar shanu ta tsananta, matasa suka kafa sintiri. Wani yaro, ɗan mutunci ne wallahi, ya ɗauko bindigar kakansa mai baki ɗaya ya kai aka datse ta, bututu da gindi, wai don ta shige ƙarƙashin riga kada ɓarayi su gane yana da makami. A fim ya gani. Wani dare suka ji motsi a bayan garke, ya zaro ta ya harba da hannu ɗaya cikin duhu. Bindigar ta yi tsalle ta fasa masa leɓe, walƙiyar ta rufe masa ido, abin da ya yi motsin ko gashinsa ba a samu ba. Abokinsa da ke tsaye 'yan taku a gaba, can gefe, inda kowa zai rantse ba ya kan hanya, shi ya kwashi ƙwayoyin dalma a fuska da kafaɗa. An kai shi asibiti a kan babur kafin asuba. Ya rayu, amma idonsa na hagu bai dawo ba. Gidajen biyu, da suke aurayya tun kakanni, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Duk lokacin da na ga a littafi ko a fim jarumi ya zaro yankakkiyar bindiga daga cikin babbar riga ya kayar da mutum daga wancan ƙetaren titi, fuskar yaron nan mai ido ɗaya nake tunawa.

Shi ya sa a labarin nan namu na raba su. Ta hannun tsohon sojan gajera ce daga masana'anta, da madubinta, a hannun mutumin da ya yi shekara ashirin yana harbi, yana kwance ya dogara ta a kan buhu, da safe kafin iska ta taso, a mita 200. Da na ce mita 600 ne da la'asar cikin iskar hunturu, da kuna da ikon ku jefe ni. Ta hannun yaran Alhajin kuwa, wadda za ku gani a babi na gaba, yankakkiya ce ta bayan ɗaki, kuma za a harba ta a cikin kasuwa ranar da take ci. Sai mun haɗu ranar Juma'a in Allah Ya kai mu.